Yini Guda A Kan Keke A Gandun Da Aka Hana Mota Shiga

A arewacin ƙasar Jamus, tsakanin biranen Hamburg da Bremen da Hanover, akwai wani yanki mai yashi da ake kira Lüneburger Heide. Kalmar Heide a bakin Jamusawa tana nufin fili fetal wanda ƙasarsa ba ta da ƙarfi, ba abin da ke yabanya a cikinta sai wani gajeren tsiro da da ƙyar yake kai wa mutum gwiwa. Su kansu tsiron tsintsiya suke ce masa, domin da shi kakanninsu suke ɗaure tsintsiya. A tsakiyar wannan yanki ne hukuma ta keɓe wani gandu tun cikin shekarar 1921, wanda faɗinsa yanzu ya kai hekta 23,000 da ɗoriya, kuma a cikin ƙuryarsa an hana baƙo shiga da mota. Wanda ke son ganin wurin sai dai ya taka da ƙafa, ko ya hau keken doki, ko kuwa ya hau keke. Ni keke na zaɓa.

Keken da na hau irin wanda ake yayi ne yanzu a Turai domin bin hanyar burji. In ka hango shi sai ka ce na tsere ne, saboda kansa lanƙwasasshe ne kamar ƙahon rago, amma tayarsa ta fi ta na tsere kauri, tana da ƙananan haƙora masu kama tsakuwa. Na sauka daga jirgin ƙasa a garin Schneverdingen da hantsi, a ƙarshen watan Agusta. Ban zaɓi lokacin da ka ba. Mutanen wurin suna da lissafi mai sauƙin riƙewa, watau tsiron nan yakan yi fure daga 8 ga watan takwas zuwa 9 ga watan tara, ko da yake ruwan sama da zafin rana sukan matsar da shi gaba ko baya.

Ina fita bayan gari ta gabas sai kwalta ta ƙare, filin ya buɗe. Iyakar ganin ido furanni ne masu launin shunayya, sai ka ce an shimfiɗa wa ƙasa zane guda. Nan da can ga wasu itatuwa baƙaƙe-baƙaƙe, sirara, tsaye kamar mutane sun yi cirko-cirko. Abin da ya fara ba ni mamaki kuwa shi ne shiru. Ba ƙugin inji, ba ƙaho. Abin da kunne ke ji kawai shi ne ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, da kukan ƙudan zuma a cikin furanni.

Wannan fili na farko, wanda ake kira Osterheide, bai daɗe da samun shirun nan ba. Bisa wata yarjejeniya da aka ƙulla a 1959, sojan Ingila sun riƙa koyon tuƙin tankokin yaƙi a nan har zuwa 1994. Sa'ad da suka tashi sun bar wurin ƙura tsagwaronta. Sai da aka baje ƙasar, aka kwaso irin tsiron daga wasu wurare aka watsa, kana filin ya komo kamar yadda na same shi.

Daga nan hanya ta shiga cikin kurmi, domin fiye da rabin gandun itatuwa ne. Hanyoyin ba iri ɗaya ba ne. Wata burji ce mai daɗin tafiya, wata kuwa tsohuwar hanya ce da aka jera wa duwatsu, tana girgiza mahayi har haƙoransa su riƙa haɗuwa. A gefen irin wannan akwai turbar yashi da kekunan doki suka tattake. Da duwatsu suka ishe ni sai na ce bari in koma kan yashin in huta. Ban yi nisa ba tayar gaba ta nutse, kan keken ya juya, na ji ni a ƙasa. Ban ji ciwo ba, sai dai kunya, don kuwa wani keken doki cike da tsofaffi yana biye da ni, duk suka ga abin da ya faru. Na kakkaɓe jikina, na rage wa tayoyin iska kaɗan, na koma bin siririyar hanyar da aka tanadar wa masu keke. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan na wuce ƙauyen Niederhaverbeck, inda masu motoci ke ajiye su su ci gaba da ƙafa, sai hanya ta fara hawa zuwa tudun Wilseder Berg. Tsawonsa mita 169 ne kacal, amma a duk yankin Lüneburger Heide babu wanda ya fi shi. Ƙanƙara ce ta zamanin da ta turo yashi da duwatsu daga arewa ta tara su a nan. Na sauka na tura keken da hannu saboda yawan masu tafiya a ƙasa. A gangaren tudun ne na yi kiciɓis da garken tumaki, da makiyayi riƙe da sanda, da karnukansa suna kewaye garken.

Tumakin nan, waɗanda ake kira Heidschnucke, su ne asirin wurin duka. Launinsu toka-toka ne, kai da ƙafafu baƙaƙe, rago da tunkiya duk suna da ƙaho, 'ya'yansu kuwa baƙaƙe wuluk ake haifarsu. Da na tsaya ina kallonsu sai na lura ba ciyawa kaɗai suke ci ba. Suna datse kan tsiron tsintsiya, abin da ke sa ya sake tofo, suna kuma cinye 'yan itatuwan da suka fara tsirowa a tsakani.

A nan ne na gane kuskurena. Na zo da zaton zan ga dajin da hannun mutum bai taɓa ba, ashe filin nan aikin manoma da makiyaya ne. Asalin wurin kurmi ne. Shekaru aru-aru mutane suna sare itace, suna kiwo, suna kuma kankare saman ƙasa da fartanya su kai garke su shimfiɗa wa tumaki, in ya haɗu da kashinsu su kwashe su kai gona a matsayin taki. Wannan ya tsotse ƙarfin ƙasar har ba abin da ke iya rayuwa a kanta sai tsiron nan. A ƙarni na 19 takin zamani ya zo, ulu mai araha kuma ya riƙa shigowa daga Ostareliya, kiwon tumakin ya daina biyan bukata. Aka sayar da garkuna, aka dasa itatuwan katako a filayen, har ya zamana abin da ya rage ɗan kaɗan ne daga abin da ake da shi.

Wanda ya fara tsayawa don a ceci ragowar shi ne Wilhelm Bode, limamin cocin ƙauyen Egestorf. A 1906 ya sa aka sayi wani kwari da ake kira Totengrund domin kada a yi gine-gine a ciki. A 1909 aka kafa ƙungiyar Verein Naturschutzpark, wadda ta sayi tudun Wilseder Berg a 1910, kuma har yau ita ke lura da yawancin filin. Na jingine keke na taka zuwa bakin kwarin nan. Ba a yarda kowa ya sauka ciki ba, daga sama ake kallo. Gani ya kori ji.

Azahar ta yi mini a ƙauyen Wilsede, mai gidaje kaɗan masu rufin ciyawa a ƙarƙashin manyan itatuwa. Akwai wani tsohon gidan manomi da aka mayar gidan tarihi tun 1907, inda baƙo zai ga yadda mutane da dabbobinsu suke kwana a ƙarƙashin rufi guda. Mazauna ƙauyen da ma'aikatan gandun suna da izinin shiga da mota, amma a kan titi dawaki da kekuna ne suka fi yawa. Na sayi 'yar kwalbar zumar furen nan, mai kauri da ɗan ɗaci-ɗaci, na ɗaure a bayan sirdi.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin ceton ya ƙare. Iskar da ke fitowa daga motoci da manyan gidajen kiwo tana sauko wa ƙasar da sinadarin da ke ƙara mata ƙarfi, ƙarfin nan kuwa ciyawa yake taimaka wa ta danne tsiron. Saboda haka ban da kiwo, sai an sa injuna suna kankare saman ƙasa kamar yadda manoman da suke yi da hannu, wani lokaci kuma a sa wuta da gangan cikin hunturu. Shekarun fari suna ƙona furen tun bai buɗe ba, gobara ma abin tsoro ce, don ba a manta da ta watan Agustan 1975 ba, wadda ta cinye dubban hektoci na kurmi a kudancin yankin. Bugu da ƙari kyarkeci ya komo jihar, an ga garkensa na farko a 2012, makiyayi kuma sai ya ƙara sa ido.

Daga Wilsede zuwa Undeloh kamar kilomita huɗu ne, yawancinsa gangara. Na isa da la'asar, ƙafafuna duk ƙura. Tun kafin in ga gidajen garin na fara jin ƙugin injuna daga filin ajiye motoci, na kuwa ji shi da nauyi a kunne bayan yini guda ba tare da shi ba. Na tsaya a bakin kwalta na waiwaya. Dokoki biyu ne suka riƙe wannan wuri: an tsayar da mota a bakin ƙofa, an bar makiyayi da tumakinsa a ciki. Ranar da aka rasa mai kora garken nan, cikin 'yan shekaru kurmi zai karɓe abinsa, mai keke kuma ya zo ya tarar da inuwa, amma ba zai tarar da fure ba.