Nakasar Da Ba Ta Da Sarki



Duk garin Hausa da ya amsa sunansa gari za ka tarar da Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare, wani wurin har da na bebaye. Ba yau aka fara ba. Suna da rawani, suna da fada, suna sasanta rigimar mutanensu, kuma idan rabon zakka ya tashi ko wani tallafi ya zo daga gwamnati, an san ƙofar da za a yi sallama. Kowa na iya faɗin abin da ya ga dama a kan barar da ta dabaibaye tsarin, amma dai akwai suna, akwai shugaba, akwai mai magana da yawunsu. To ni ina da ƙane, autanmu, idonsa garau, ƙafarsa garau, kunnensa kuwa har motsin ƙadangare a bayan danga yana ji, amma buƙatarsa ga mai tsaya masa ba ta gaza tasu ba. Irinsa ba su da sarki.

A Jandutsi ta ƙasar Jega aka haifi Auta a 2006, ina 'yar shekara goma sha huɗu, don haka a bayana ya girma. Ya zauna a kan lokaci, ya yi tafiya a kan lokaci. Abin da ya fara damun Inna shi ne kira. Sai ki tsaya a kansa kina kiran sunansa, ko ɗagowa ba zai yi ba, amma a buɗe ledar alawa a ɗaki na uku sai ga shi. Ba ya kallon idon mutum. Ba ya nuna abu da yatsa ya ce a duba, kamar yadda yara ke yi in sun ga jirgi ko raƙumi. In yana son ruwa sai ya kama hannunki ya ja ki har gaban randa ya ɗora shi a kan moɗa. Yakan jera marafan kwalba tun daga ƙofar ɗaki har bakin rijiya, kuma in wani ya goce ɗaya, ranar sai maƙwabta sun leƙo. Ƙarar injin niƙa kuwa, toshe kunne yake yi yana buga kansa da bango.

Sunaye kam ya sha su. Dolo, gaɓo, soko, taɓaɓɓe. Wata tsohuwa ta taɓa ce wa Inna ɗan ruwa ne, a kai shi bakin gulbi a ba masu shi kayansu. Inna ba ta tanka ba, amma daga ranar tsohuwar ba ta sake shan furar gidanmu ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi wanka da saiwoyi iri-iri, awaki biyu sun tafi a wannan hanya.

Mu mutanen wannan yanki muna alfahari da masu ɗorin Aliero. Daga nesa ake ɗauko mai karaya a bayan mota a kawo shi, su shafa, su ja, su ɗaure da karare, bayan makonni ya taka. Baba yakan ce da abin Auta karaya ne da tuni an wuce wurin. Gaskiyarsa. Karaya hannu na taɓa ta. Abin da ba a iya taɓawa, shi ne kowa ke zama malaminsa.

Sai a 2015, yana shekara tara, wani ɗan uwanmu ma'aikacin jinya ya matsa muka kai shi Sakkwato. Likitar da ta duba shi ba ta yi allura ba, ba ta ɗebi jini ba. Ta zauna a tabarma tana kallon wasansa, tana yi wa Inna tambayoyi kusan awa guda. Da ta gama Inna ta ce, "Likita, mi as sunan ciwon ga?" Ta ce a likitance otizim ake ce masa, gidajen rediyo kuma galahanga suke cewa, ko da yake wasu na kiran yaron da wuyansa bai tsaya ba da wannan sunan, alhali ba abu ɗaya ba ne. Ta ce ba hauka ba ne, ba aljani ba ne, ba kuma wani abu Inna ta ci ko ta taka ba lokacin goyon ciki. Ƙwaƙwalwarsa ce aka halitta tana karɓar sauti da haske da maganar mutane ta wata hanya daban. Babu ƙwayar da ke cire shi, amma koyarwa na canza rayuwar mai shi ƙwarai, musamman in an fara da wuri. A mota muna dawowa, mun wuce Tambuwal, Inna ta ce da ni, "Ashe dai abin na da suna." Kuka take yi, amma ba irin wanda na saba gani ba.

Daga baya na bi diddigi. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana lamarin a rubuce a 1943, bayan ya nazarci yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiyasin cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da shi, kuma an fi gano shi a maza. Ni malamar firamare ce, na san yawan kawunan da ke cikin aji guda a ƙauyukanmu. Ku yi lissafin da kanku a kan Jega da Aliero da Maiyama. Yaran nan suna nan. Suna ƙuryar ɗaki ne kawai.

Bari in tsaya a kan wata magana da na sha ji a gidan suna, wai allurar riga-kafi ce ke kawo shi. Asalin zancen wani rahoto ne da wani likitan Ingila ya buga a 1998. Bincike ya nuna akwai maguɗi a cikinsa, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin mai shi. An bibiyi dubban ɗaruruwan yara a ƙasashe daban-daban ba a ga alaƙa ba. Mu da ƙyanda ke yi wa ɓarna, ba mu da rarar yaran da za mu yi caca da su a kan jita-jita.

Makaranta ce ta fi ci mani rai. Sau biyu ana maido mana shi, wai yana hana aji karatu. Ban ga laifin malamin da aka bar shi da yara fiye da ƙarfinsa da alli guda ba, wanda a duk karatunsa na koyon malanta ba a taɓa ambata masa wannan lalura ba. Amma doka tana nan. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ce kowace makarantar gwamnati ta karɓe su, ta kuma samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatunsu. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa ta masu nakasa. Wuraren horon ma akwai: kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo, da sashen ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero da ta Jos. Sai dai in aka ce nakasa a wurin taro, keken guragu da farar sanda ake rabawa, a ɗauki hoto, a watse. Uwar da ɗanta ba ya barci sai asuba ba ta cikin hoton.

Inda kuma babu makaranta, igiya ce ke maye gurbinta. Kun tuna gidajen mari da 'yan sanda suka fasa a Kaduna da Daura a 2019. Kun tuna yaron da aka ceto a Birnin Kebbi a Agustan 2020, ɗaure a turke tare da dabbobi. Kowa ya yi Allah wadai, kuma ya cancanta. Amma na san mata masu tsoron Allah da ke ɗaure ɗansu da zane a ƙafar gado in za su je ɗebo ruwa, don gudun kada ya faɗa rijiya. Tsakaninsu da mugunta akwai nisa. Hannu na biyu suka rasa.

Auta yanzu saurayi ne. Da katunan hoto muka fara, na yanko daga kwalin madara da tsofaffin littattafai: moɗa, tuwo, bayi, masallaci. Yau yana haɗa kalmomi uku zuwa huɗu, yana wanka da kansa, yana bin Baba sallah sahun ƙarshe kusa da ƙofa, nesa da lasifika. Lokacin cirar albasa wani kawunmu na ɗaukarsa aikin tsinta, kuma wannan jera marafan da ake yi masa dariya a kai shi ya zama sana'a. Manya gefe, matsakaita gefe, wadda ta fara ruɓa kuwa ba ta tsallake hannunsa ta shiga rudu. Kawu na biyansa kamar kowa, a kan haka muka yi da shi tun farko. Nakan tuna Temple Grandin, Ba'amurkiyar da ba ta yi magana ba sai bayan shekara uku, ta zama farfesar kimiyyar dabbobi, ta tsara hanyoyin kora shanu da ake amfani da su a manyan mayankun ƙasarsu. Amma ba na son a riƙa kafa mana hujja da ita. Mafi yawan yaranmu ba za su zama farfesa ba, wasu har abada ba za su furta kalma ba, kuma haƙƙinsu bai rataya a kan wata baiwa ba.

Mu bakwai ne muka fara haɗuwa a tsakar gidanmu, iyaye mata da yayye, wata daga Maiyama take hawo mota. Ba mu da suna, ba mu da asusu. Ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 don wannan lalura, muka je gaida wani basarake da takardarmu. Ya saurare mu da kyau, sannan ya tambaya da zuciya ɗaya, "To, wa as sarkinsu, in kira shi?" Muka dubi juna. Gwaggon wani yaro ta ce, "Ranka ya daɗe, mu ne." Ya yi dariya, ya karɓi takardar, ya kuma sa limami ya yi huɗuba a kai.

Abin da ke cikin takardar bai taka kara ya karya ba. A tura malami ko da ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma ya samo horo ya dawo ya koya wa sauran. A koya wa ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi tambayoyi kaɗan da za su yi wa uwa in yaro ya kai shekara ɗaya da rabi: yana waiwayowa in an kira shi, yana nuni da yatsa, yana kallon ido? A daina korar yaro daga aji ba tare da an zauna da iyayensa ba.

Ku kuma marubuta, ina da ƙorafi. Na karanta littattafanku tun ina ɓoye su a cikin littafin lissafi, kuma kusan duk inda irin Auta ya fito, ko dai abin dariya ne a gidan attajiri, ko asiri kishiya ta yi masa, a babin ƙarshe a karya sihirin ya miƙe ya auri jarumar. Matan da ke karanta ku su ne iyayen yaran nan. In labari ya ce masu asiri ne, wurin mai karya asiri za su kai akuyarsu.

Inna ta tsufa, gwiwa ta fara hana ta tashi. Kwanan baya ta tara mu, ni da yayyena maza biyu, ta sa aka rubuta cewa gonar fadama da ta gada ta ba Auta kyauta, Kawu da liman suka sa hannu a matsayin shaidu. Ɗakinsa kuma an riga an fara ginawa a gidana, da yardar maigidana, ƙofarsa na kallon gabas kamar wanda ya saba, don ba ya son a canza masa wajen da rana ke shigowa.