Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A garin Paikon Kore, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada ta Babban Birnin Tarayya, akwai wani dattijo tsohon malamin makaranta da ya ajiye aiki yana karɓar fansho. Garin na manoma ne, ga Gwarawa masu doya da dawa, ga kuma Fulani makiyaya a makiyayar da gwamnati ta keɓe musu. A unguwarsu kuwa ba mai mota sai shi. Motar Peugeot ce 504, wadda jama'a ke kira Fijo, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Ya saye ta a hannu, ya kuma riƙe ta riƙon amana shekara da shekaru, har ta zama motar kowa. In an yi rasuwa ita ce, in amarya za a kai ita ce, in kuwa ciwo ya tashi da dare ƙofarsa ake bugawa.

Ran 29 ga Mayu, 1999 aka dawo mulkin farar hula, ran 29 ga Mayu, 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya yi rantsuwar kama aiki, ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga kimanin Naira 195 ta kai Naira 537 a Abuja, a watan Yuli ta kai 617. Malam ya yi lissafin fanshonsa ya ga ba za ta ɗauke shi ba. Sai ya shigar da motar ƙarƙashin rumfar kwano a gefen zaure, ya lulluɓe ta da tamfol, ya koma hawa babur ɗin haya kamar kowa. Ba shi kaɗai ya yi haka ba, domin a wannan shekara ma'aikata da yawa sun jingine motocinsu.

Da fari bai yi sakaci ba, a ganinsa. Kowace Juma'a da safe yakan yaye tamfol, ya tayar da inji, ya bar shi yana aiki kamar minti biyar, ya kashe. Da tafiya ta yi nisa sai ya lura motar tana nauyin tashi, ya ce tsufa ne. Daga baya ya ga ɗan man da yake ƙonawa ma hasara ce, ya daina, motar ta shafe wata huɗu ba wanda ya taɓa ta.

Ana nan cikin daminar 2024, wata rana da tsakar dare ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai uwargidansa ta tashe shi. Ta ce, "Malam, yarinyar nan fa abin ya ƙi. Ungozoma ta ce a yi asibiti yanzun nan." Yarinyar kuwa matar ɗansa ce, haihuwar fari, mijin yana Kaduna wajen aiki ya bar ta amana a hannun iyayensa. Malam ya ɗauko mabuɗi da galan ɗin man da ya ɓoye domin irin wannan rana, ya zuba, ya shiga ya murɗa. Shiru. Ko fitilar gaban direba ba ta kawo ba. Samarin unguwa suka fito cikin ruwa suka tura, ya sa giya ta biyu ya saki kuloci, sau uku ana yi, amma batir ɗin ba ko ɗan abin da zai ba filogi wuta, ga taɓo yana riƙe tayoyi. Sai da aka aiki yaro a babur har bakin titi ya samo mai keke mai ƙafa uku. Kusan awa biyu ta wuce kafin su isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, tafiyar da ba ta kai rabin awa a mota. Aka yi mata aiki, aka ƙara mata jini, Allah Ya kuɓutar da ita da jaririnta. Amma Malam ya kwana a barandar asibiti yana tunanin abin da zai gaya wa ɗansa da iyayen yarinyar da an sami akasi.

Bayan suna ya cire batir ɗin ya ɗaura a babur ya kai wa wani mai gyaran wutar mota a Gwagwalada. Saurayin ya ɗora masa ma'auni, ya buɗe murafun ya leƙa, ya girgiza kai. Ya ce, "Baba, wannan ya riga mu gidan gaskiya. Ko kwana uku ya yi a caji ba zai riƙe wuta ba." Malam ya ce, "Yaro, ta yaya abin da ba a yi aiki da shi ba zai mutu?" Ya ce, "Ai Baba zaman ne ya kashe shi."

Maganar saurayin nan gaskiya ce, kuma ya kamata duk mai mota ya san dalilinta. Batir ɗin mota, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro asalinsa a 1859, ɗakuna shida ne a ciki, kowane ɗaki da faifan dalma a jiƙe cikin ruwan asid, kowanne kuma yana ba da bolt biyu da ɗan ɗoriya. In ya cika ma'auni zai nuna bolt 12.6, in ya sauka zuwa 12 ya yi rauni ƙwarai. Ko ba a taɓa shi ba, wutarsa tana tsiyayewa da kanta a hankali, zafi kuma yana gaggauta tsiyayar, ga shi ƙasar Gwagwalada zafinta kan kusanci digiri 40 a watan Maris. Bayan haka agogo da rediyo suna ɗan sha ko mota tana kashe, motocin zamani masu kwamfuta da ƙararrawar ɓarayi ma sun fi sha. To, idan batir ya zauna babu caji, wani farin gishiri yakan taru a kan faifan dalmar. In aka yi masa caji da wuri gishirin yana narkewa ya koma ruwan, in kuwa aka bar shi watanni sai ya daskare ya ƙi narkewa, daga nan ba magani sai sabo.

Tayar da injin na minti biyar da Malam ke yi shi ma ɓarna ya ƙara. Sitata tana zuƙar wuta mai yawa a lokacin tashi, altaneta kuwa ba ta iya mayar da ita cikin ɗan lokaci inji yana aiki a tsaye. Kowace Juma'a ana ɗiba fiye da abin da ake zubawa. Wanda yake son inji ya cika masa batir sai ya hau titi ya yi tafiyar rabin awa ko fiye.

Saurayin ya nuna masa wata 'yar na'urar caji da ba ta fi tafin hannu ba, wadda aka yi musamman domin motar da aka ajiye. Bambancinta da babbar na'urar masu caji shi ne, ita babbar in aka manta ta a jone sai ta tafasa ruwan batir ta ƙone shi. Ƙaramar kuwa tana auna shi, in ya cika ta sassauta ta riƙe shi a kan bolt 13 da 'yan kai, in ya sauka ta ɗan ƙara masa, ana iya barin ta watanni. Malam ya ce wutar lantarki a garinsu sai ta ga dama take zuwa. Sai aka ba shi shawarar ƙaramin faifan sola mai wat 10, tare da 'yar na'urar da ke kayyade wutar, domin kada rana ta cika shi fiye da kima. Wanda ba shi da halin ko ɗaya, aƙalla ya kwance wayar kan batir mai alamar ragi, ya kai shi caji wata-wata. Ya riƙa duba ruwansa, in ya ragu ya ƙara tataccen ruwan batir, kada ya zuba na rijiya ko ya ƙara asid. Kada kuma a kusance shi da taba ko ashana lokacin caji, domin iskar da yake fitarwa tana kama wuta.

Malam ya sayar da buhunan masara ya sayi sabon batir da faifan, kuɗin faifan bai kai na batir ɗin da ya yi hasara ba. Aka kafa shi a kan rumfar, waya ta sauko ta shiga ƙarƙashin bonet. Ya kuma tara dattawan unguwa ya ce musu tun da motar ta kowa ce ranar buƙata, to a riƙa haɗa kuɗin lita biyar kowane wata. Ba wanda ya musa, domin duk sun ga daren nan da idonsu. Da wannan man yake zagawa da ita Gwagwalada ya dawo, ya duba iskar taya da birki, sauran ya zauna a tanki.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai karatu da ya jingine mota saboda tsadar mai, ko zai tafi aikin Hajji, ko an yi masa canjin wurin aiki, ya yaye tamfol yau ya sa a auna masa batir, tun ba a buga masa ƙofa da tsakar dare ba. Allah Ya kiyashe mu da aikin da-na-sani, amin.