Hanyar Gabas

Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, ta Wudil mutumin Kano yake bi ya nufi Makka. Dattawa ba su manta yadda ake sallama ba: maniyyaci ya biya bashi, ya bar gona amana a hannun ɗan'uwa, ya bi gida-gida yana neman gafara, a raka shi har bakin kogi ana share hawaye, don ba kowa ke dawowa ba. Daga nan sai Borno, a ratsa ƙasar Chadi ta Abeche, a shiga Darfur, a yi ta tafiya kan jaki ko a ƙasa har Sawakin, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. In guzuri ya ƙare a yada zango, a yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira ta Sudan, shekara biyu, shekara biyar. Wani a can zai yi aure, 'ya'yansa su tashi ana ce musu Takari.

Yau tafiyar awa biyar ce daga filin jirgin Malam Aminu Kano.

Yara su sani, hanyar ba ta ibada kaɗai ba ce. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ita ɗansa Mai Wurno ya bi da jama'arsa har Sudan, garin da ya kafa a bakin Nilu yana nan da sunansa. Turawan mulki kuwa sun sa mata ido sosai, suna tsoron aƙidar Mahadi ta biyo ta.

Kiristocin Turai ma sun bar tsohuwar hanyarsu ta ziyarar Santiago a Sifaniya ta kusa shafewa, sai suka tashe ta. A 1987 Majalisar Turai ta ayyana ta gadon nahiyar baki ɗaya, da ma siyasar haɗin kai na neman abin da za ta jingina da shi. Aka gyara masaukai, aka zana kibiyoyi ruwan ɗorawa a jikin bango da duwatsu. Wanda ya taka kilomita 100 da ƙafa ana ba shi takardar shaida, kuma a 2023 sama da mutum dubu 400 suka karɓa.

Ba na yi wa kowa fatan wahalar da kakanninmu suka sha. Sai dai su Turawa iyakokinsu a buɗe suke, mai sha'awa ya ɗauki sanda ya kama hanya. Tamu ta ratsa Borno, ta ratsa Darfur, can Sudan kuwa tun watan Afrilun 2023 ake yaƙi.