Ranar da sabarmu ta daina gane kowa

Washegarin komawarmu wani sabon kamfanin intanet, ofishinmu na Kano ya wayi gari ba imel ko ɗaya daga waje. Na cikin gida na tafiya lafiya lau. Akanta kuwa sai leƙowa yake ɗakin saba, don yana jiran takardun kwangila daga Legas.

Na buɗe rajistar da Postfix, manhajar imel ɗinmu, ke rubuta duk abin da ya faru a ciki. Layi bayan layi, lamba ɗaya ce: 450 4.1.8, wai ba a sami yankin mai aikowa ba. Har Gmail an ce ba a san shi ba!

Akwai wani sharaɗi da muka sa wa sabar, reject_unknown_sender_domain. Duk wanda ya kawo wasiƙa, sai ta tambayi DNS ko sunan da ke bayan alamar @ yana da rikodin MX ko na A. In babu, ta mayar da shi. Da wannan kaɗai muke korar tarin wasiƙun 'yan damfara masu ƙirƙirar adireshi.

Shugabanmu ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, cire abin kawai mu huta." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa la'asar." Ɗebe mai gadi don ya tare baƙo ai ba gyara ba ne.

Abin da ya ɗaure min kai, ina buga umarnin dig don tambayar DNS a kan na'urar, amsa take fitowa nan take. Ashe ni da Postfix ba wuri ɗaya muke tambaya ba. A Debian ɗinmu, yana aiki ne a killace cikin /var/spool/postfix, da nasa kwafin resolv.conf, kuma kwafin na ɗauke da adireshin DNS na tsohon kamfani, wanda ya daina amsa mana tun da muka bar layinsa. Umarnin postfix check ma ya yi gargaɗin cewa fayilolin biyu sun saɓa. Na kwafe sabon, na sake tayar da Postfix.

Lambar 450 ce ta cece mu, domin ƙi ne na ɗan lokaci: sabar mai aikowa tana riƙe wasiƙa ta yi ta gwadawa, Postfix kan kai kwana 5. Da 550 ce, da kowace ta koma hannun mai ita. Takardun Legas sun shigo kafin magariba, sharaɗin kuma yana nan ban taɓa shi ba.