GORO MA YANA DA ASALI

Jama'a, akwai wata al'ada ta mutanen Faransa da ta kamata mu tsaya mu duba, ko da yake abin da suke yi wa ita ba namu ba ne, addininmu kuma ya hana mu shi. Su dai ba su sayen giyar inabi sai sun tambayi gonar da ta fito, da shekarar da aka tsinke inabin, da sunan gidan da ya matse shi. A shekarar 1855 Sarki Nafoliyon na Uku ya sa aka jera manyan gonakin lardin Bordo daraja daraja, a 1935 kuma gwamnatinsu ta yi dokar da ta hana wani ya liƙa sunan wata ƙasa a kan abin da ba can aka noma shi ba. Mutum yakan yi tafiyar kwana da kwanaki don kawai ya shiga gonar, ya damƙi ƙasarta, ya gaisa da manomin, ya ɗanɗana kaɗan ya tofar. Ta haka manomin da ya kyautata aikinsa yake samun kuɗin wahalarsa, domin sunansa yana tafiya tare da kayansa duk inda suka je.

To, mu ma muna da abin da ya cancanci irin wannan kula, watau goro. A nan Bulpiela ba a raɗin suna, ba a ɗaurin aure, ba a sadakar bakwai ko ta arba'in sai da shi. Maƙwabtanmu Dagombawa, masu ce masa guli, ba su zuwa gaban sarki hannu sake, sai da goro. Amma a tsaya a kasuwar Aboabo a tambayi masu saye goma daga ina goron nan ya fito, amsar da za a ji ita ce, daga kudu. Kudu kuwa tana da faɗi.

Dattawanmu ba haka suke sayen goro ba. Tsoho yakan fara da ido, ya ga ko fatar tana sheƙi, ba tabo, ba ɗan ramin da ke nuna sankara ta shiga. Sa'an nan ya auna shi a tafin hannu, domin goro mai kyau yana da nauyi fiye da yadda ido zai zata. Sa'an nan ya sa farce ya ɓare shi kusa da kunne. In ya ce ƙas, ya rabu biyu tsaf, to, an dace, in kuwa ya lanƙwashe kamar roba, ya sha iska ya yi yaushi. Daga ƙarshe sai harshe. Ɗan ɗaci da ɓauri su fara zuwa, su wuce da sauri, garɗi ya biyo baya, in aka kurɓi ruwa a kai sai a ji kamar an jefa masa sukari. Wanda ɗacinsa ya zauna a maƙogwaro, ko ya cika baki da yauƙi kamar hannun-ruwa, ba a kai wa suruki shi.

Kowane iri kuma da sunansa. Akwai goriya, babbar da ake ɗorawa a saman ƙwarya, akwai marsa, akwai minu ƙanana da ake rabo da su a taro. Akwai fari, wanda ake girmama baƙo da shi, akwai ja. Akwai sabo, akwai daushe, wanda ya kwana biyu a cikin ganye har ruwansa ya ragu, ɗacinsa ya kwanta. Masana goro a ƙasar Hausa tun dā suna yabon na Laboji ta ƙasar Nufe. Amma in aka lura, sunayen nan kusan duk na girma ne da launi da daɗewa. Na gona ba su da yawa, kuma wannan yana da dalili a tarihi.

Kakanninmu suna ce masa goron Gwanja, alhali ko itace ɗaya ba ya yin 'ya'ya a Gwanja, domin ƙasar fili ce irin tamu, goro kuwa ɗan kurmi ne. Abin da ya faru shi ne, a yawancin ƙarni na 19 sarakunan Asante ba su barin fataken arewa su shiga kurmi. Tonawa ne ke ɗauko goron a ka su kawo Salaga, can Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suke jira da jakunansu, su ba da tufafi da kanwa da fatu da dabbobi, su ɗaure goro a waga, madugu ya ja ayari zuwa Sakkwato da Kano, tafiyar wata da watanni. Saboda haka mutum yakan tsufa a fataucin goro bai taɓa ganin itacensa ba, sunan kasuwa kuma ya danne sunan gona.

A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, Salaga ta fita daga hannun Asante, ciniki ya fara komawa Kintampo da Atebubu. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, mutanenta suka bazu Kete Krachi da Yeji da Kumasi da sauran zangogi, cikinsu har da babban malamin nan Alhaji Umaru, wanda ya rasu a Kete Krachi a 1934. Da Turawa suka mai da Tamale hedkwatar arewa a 1907, gidajenmu da dama suka taso nan. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka riƙa ɗaukar goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can jirgin ƙasa ya kai Kano. Daga baya Yarbawa suka dasa irin namu a wajen Agege da Shagamu, har yau kuma gbanja suke ce masa, watau Gwanja. Ko a can ma sunan kasuwar ne ya bi shi.

Gani ya kori ji. Shi ya sa a kakar da ta wuce, cikin watan Nuwamba, mu shida daga majalisarmu muka bi wani maƙwabcinmu mai fataucin goro zuwa inda yake sari. Muka tashi bayan asuba, muka haye gadar Yapei da ta Buipe, muka wuce Kintampo, inda itatuwan kaɗanya suke fara ja da baya ciyayi su yi duhu, muka ci abincin rana a Techiman. Kafin magariba muna wani ƙauye a lardin Ahafo, a gidan wani dattijo Batone da maƙwabcin namu ya gaji hulɗa da shi daga mahaifinsa.

Ba gona ba ce irin ta dawa da za a tsaya a bakin kunya a hango ƙarshenta. Itatuwan goro a warwatse suke cikin gonar koko, dogaye ne, sukan kai mita 12 ko fiye, ganyensu kore shar, ƙarƙashinsu sanyi kamar an yi yayyafi. Tonawa suna ce masa bese, shi ya sa ake samun garuruwa masu suna Besease, ma'ana gindin goro. Dattijon ya ce itacen yakan yi kamar shekara 7 kafin ya fara haihuwa, amma in ya fara, har jikoki sai sun ci. Ya nuna mana wanda kakansa ya dasa, ya kira shi da suna kamar mutum.

Aka kakkaɓo kwanso da doguwar gora mai lauje a kai, aka fasa. A ciki 'ya'yan suna jere, kowanne lulluɓe da farar riga mai kauri. Wani abin mamaki, a kwanso guda muka ga fari da ja tare. Mata ne ke karɓar aikin daga nan. Su jiƙa shi har rigar ta yi laushi, su saɓule ta da hannu, su wanke, su zuba a kwando ya yi kwanaki yana gumi yana tsanewa, sa'an nan su shimfiɗa ɗanyen ganye su jera shi. Bayan haka ba a barinsa haka nan. Lokaci lokaci sai an buɗe, an tsince wanda sankara ta taɓa, an cire tsiron da ya leƙo, an sake ganye. Daushen da muke yabo, watanni ne na wannan tsintar.

Da safe dattijon ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo faifai huɗu da butar ruwa. Ya ce mu gutsura kaɗan kaɗan, mu kurkure baki tsakanin kowanne. Na farko sabon ɓari ne daga itacen bakin rafi, ruwa ya yi masa yawa, ɗacinsa har ka. Na biyu daga itacen kan tudu ne mai jar ƙasa da tsakuwa, ƙanana ne amma masu tauri, garɗinsu ya daɗe a baki. Na uku na tsohon itacen kakansa ne, fari tas, wanda ba ya sayarwa sai dai kyauta. Na huɗu daushen bara ne na wannan tudun, wanda uwargidansa ta adana da hannunta. Babbanmu, wanda ya haura shekara saba'in yana cin goro, ya tauna na huɗun ya yi shiru, can ya ce rabonsa da irin wannan tun yana yaro ana aikensa gidan liman.

A nan muka gane cewa kyan goro abu uku ne, ƙasar da itacen ya tsaya, da lokacin da aka bar shi ya nuna, da hannun da ya adana shi. Kuma duka ukun ba a ganinsu a kasuwa, domin da lori ta iso, na rafi da na tudu, na mai haƙuri da na mai gaggawa, duk buhu ɗaya ake juye su.

Kukan dattijon ke nan. Ya ce mai sari yana biyansa daidai da wanda ya kakkaɓo nasa ɗanye don ya riga kowa kasuwa. Koko yana da hukumar gwamnati mai yanka masa farashi kowace shekara, goro kuwa ba shi da kowa. 'Ya'yansa suna matsa masa ya sare tsofaffin itatuwan, wai sun cika inuwa. A ƙauyen da ke gaba da su, masu haƙar zinariya na galamse sun sayi gonaki sun mai da su ramuka, rafin ya koma launin kunun kanwa. Mafi muni, wasu masu ajiya sun gaji da tsinta, sai su zuba wa goro maganin ƙwarin da aka yi domin feshin gona. Goro kuwa ba a dafa shi, ba a feƙe shi, daga huhu sai baki. Mu ne masu tauna shi, mu ne masu miƙa wa malamanmu da iyayenmu mata.

Ba sai mun jira gwamnati ba, ko da yake akwai hanyar doka. Manoman masoro na Penja a Kamaru sun yi rajistar sunan ƙasarsu a 2013, tun daga nan ba mai ikon sayar da wani masoro da sunansu. Albasar Galmi ta Nijar ma da sunan garinta take ciniki a kasuwannin Kumasi da Ankara. Amma kafin a kai nan, abin yana farawa ne daga bakin mai saye. In za mu sayi ƙwarya biyu ta ɗaurin aure, mu tambayi mai tebur, na wane gari ne, na yaushe ne, wa ya ajiye shi. Ranar farko zai yi mana dariya. In muka yi ta tambaya, shi ma zai tambayi dillali, dillali ya tambayi mai lori, har maganar ta isa gindin itace. In kuma aka kawo mana mai asali, kada mu tsaya muna taya shi da kuɗin minu. Wanda muka ji yana warin magani, mu mayar, mu kuma faɗi dalili a fili.

Ga 'yan'uwanmu masu fatauci, roƙonmu shi ne ku ware na gonar kirki a huhunsa daban, ku kira shi da sunan garinsa. Ga shugabannin zango da ƙungiyoyin samari kuwa, tsakanin Oktoba da Disamba ne kakar goro, tafiyar kuma yini ɗaya ce a mota. A haɗa kuɗi a ɗauki yara goma a kai su. Da yawansu ba su cin goro, sun ce abin tsofaffi ne mai ɓata haƙori, ba kuma za mu tilasta musu ba. Amma ya kamata su tsaya a ƙarƙashin itacen da ya taso da kakanninsu daga Kano da Katsina da Sakkwato ya zaunar da su a ƙasar nan, su kuma gaisa da jikokin waɗanda suka dasa shi.

Allah ya albarkaci manomi da mai fatauci, ya tsare mana abin da muke kaiwa baki, amin.