Jarrabawar Da Na Yi A Kan Soro

Ranar da na gaya wa mahaifina ina son in zarce da karatun ilimin taurari bayan digiri, shiru ya yi. Can sai ya ce, "In an yi isha'i ka same ni a kan soro, ka gaya mini abin da kake koyo. In na gane, ka tafi. In ban gane ba, rumfarmu ta Kasuwar Kurmi tana jiranka."

Gidanmu yana gindin Dala, lokacin kuwa hunturu ne. Hazo ya rufe gari, Kaza da 'Ya'yanta ma da ƙyar ake hango su. Na hau gabana yana faɗuwa, don aikin da malamina ya ba ni shi ne in zana, a takarda, na'urar da ake ɗaura wa babban madubin hangen taurari domin ta tsefe haskensu. Ta ina zan soma?

Na ce, "Baba, ka san bakan gizo. To, hasken kowane tauraro in an tsefe shi haka yake rabuwa launi-launi, kuma a ciki akwai waɗansu layuka. Kowane sinadari da irin nasa layin, kamar yadda ake gane asalin mutum da tsagar fuskarsa. Da su ake sanin abin da tauraron ya ƙunsa, da zafinsa, da ko nesanta yake yi da mu."

Ya ce, "Ci gaba."

Na ce bayan launin ja akwai wani haske da ido ba ya gani, sai dai jiki ya ji ɗuminsa, irin wanda bangon ɗaki ke fitarwa bayan faɗuwar rana. A 1800 wani masani a Ingila, William Herschel, ya gano shi, da ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja, inda babu launi, ya ga ya hau. Amfaninsa shi ne yana ratsa ƙura. Na nuna masa hazon da ke kanmu, na ce sararin samaniya ma yana da irin nasa, taurari da yawa a bayansa suke. Wahalar ita ce na'urar da kanta tana fid da wannan ɗumi, kamar mai duban wata da fitila a gaban idonsa. Dole a sanyaya ta. Wadda ake kira MOSFIRE, da ta fara aiki a 2012 a madubin Keck mai faɗin mita 10 a Hawai, ana sauke sanyinta zuwa wajen digiri 150 ƙasa da sifiri.

Ya ce, "Ɗaya-ɗaya ake bin su? Ai ba za ku gama ba."

Nan ne gizo yake saƙar. In aka tsefe hasken taurari duka lokaci guda, sai ya hau juna ya cakuɗe. Saboda haka ake rufe sama baki ɗaya, a bar 'yan kafofi daidai inda ake so. Ya ce, "Wato kamar hasken rana ta hudojin zana." Wallahi ban taɓa jin wanda ya faɗa daidai haka ba. Na ce MOSFIRE kafa 46 gare ta, na'urar da ke cikin madubin James Webb, wanda aka harba a 2021, tana da 'yan ƙyamare wajen 250,000, tana duba abu kamar 100 a tashi ɗaya. Amma a MOSFIRE kowane jeri kafa ɗaya ce, in taurari biyu suka faɗo jeri guda, tilas a bar ɗaya.

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Rumfa ma haka take. Ba ta ɗaukar duk kayan da kake so." Ya miƙe ya sauka.

Da asuba na ji yana miƙa wa ƙanena mabuɗin rumfa. Shi ma ƙanen nawa yana son makaranta, na kuwa sani. Har yau in na zauna zaɓen tauraron da zan ba kafa, shi nake tunawa. Allah ya ba ni ikon saka masa, amin.