Ɗakin rana a ƙasar da rana ke tsada

A Maraɗi, in aka ji mutum ya tara kuɗɗi ya kira magini domin a gina masa ɗakin da zai riƙa tara rana, sai dangi su fara neman mai magani. Can ba a gayyatar rana. Rumfa ake kafawa, a dasa bedi a ƙofar gida, a riƙa jan tabarma ana bin inuwa tun daga hantsi har la'asar. Amma ga wani ɗan Maraɗi, malamin lissafi a wata makarantar lise kusa da birnin Lil, a arewacin Faransa, wanda ya share shekara guda cur yana shawarar irin wannan ɗaki, kuma da hankalinsa garau.

Karatu ya kai shi can yana saurayi, aiki ya riƙe shi, yau ga furfura. Gidansa na jan bulo ne, siriri, irin waɗanda aka gina wa ma'aikatan masaƙu a da, da ɗan lambu a baya. A watan Disamba rana ba ta fitowa a Lil sai bayan ƙarfe 8 da rabi, ta faɗi kafin ƙarfe 5, kuma ko da tsakar rana ba ta wuce digiri 16 sama da ƙasa, wato kamar ranar Maraɗi awa guda bayan fitowarta. Da duhu yake fita, da duhu yake komowa. Shekara da shekaru ya daure, har gwiwoyi suka soma yi masa ƙorafi, ya lura kuma zuciyarsa na yin nauyi duk lokacin da hunturu ya kama. Maƙwabtansa da yawa sun ƙara wa gidajensu baranda mai bangon gilashi, inda mutum zai zauna cikin haske ba tare da iskar waje ta taɓa shi ba. Asalin abin ɗakunan da sarakunan Turai ke ɓoye itatuwan lemo ne daga sanyi, irin wanda ke fadar Bersay. Ya ce a ransa, ai shi ma icen ƙasar zafi ne da aka dasa inda ba nasa ba.

Sai dai kuɗɗin da zai taɓa suna da mai su. Euro 20,000 ne, kimanin miliyan 13 na sefa, waɗanda ya tara sannu a hankali domin filin da ya saya a Maraɗi. An kewaye filin da katanga, an sa ƙofa, ba a aza ko bulo ɗaya a ciki ba. Ƙanensa, ɗan kasuwa, shi ke dubawa, kuma duk sallah sai ya tambayi ranar da za a sa harsashi.

Uwargida ce ta fara tsayar da shi, ran da ya shigo da hotunan baranda cike da hannu. Ta ce: "Malam, kafin a zaɓi ƙofa da taga, ɗakin nan na mene ne? Na baƙi, na cin abinci, ko na zamanka kai kaɗai?" Ya rasa amsa. Da ya kwana da tambayar, sai ya gane ba falo na biyu yake nema ba. Wurin kujera biyu, tebur ƙarami da shimfiɗar salla, shi ke nan. Nan take metir murabba'i 25 da yake mafarki suka koma 14.

Abu na biyu, hanyar rana. Masu sana'ar sun bayyana masa cewa a Turai ɗakin da ya fuskanci kudu shi ke samun rana mafi yawa lokacin sanyi, na gabas ya sami ta safe, na yamma ya sha zafin marece, na arewa kuwa haske kawai yake samu babu ɗumi. Lambunsa yana duban kudu maso yamma. Da yake malamin lissafi ne, bai tsaya ga faɗa ba. Ya ajiye kujera a inda za a yi ginin, ya ɗauki littafi, duk ranar Lahadi yana rubuta lokacin da rana ta iso wurin da lokacin da inuwar gidan maƙwabci ta rufe shi. A watan Janairu awa biyu kacal ya samu. A watan Yuni, sa'ad da yini ke zarce awa 16 rana kuma ta hau har digiri 63, sai da ya gudu ya bar kujerar.

Nan ya fahimci haɗarin da hotuna ba su nunawa. Gilashi yana barin haske ya shiga, amma yana riƙe zafin da hasken ya haifar, kamar motar da aka rufe aka bari a tasha da azahar. Faransa kuma ba ta rasa nata zafin: a shekarar 2003 ya kashe mutum wajen 15,000, a watan Yuli na 2019 kuwa ma'auni ya wuce digiri 41 a Lil kanta. Wanda ya rufe ɗakinsa da gilashi sama da ƙasa zai kwana da sanyi wata huɗu, ya gasu wata biyu. Saboda haka ya zaɓi rufi toshe mai hana zafi ratsawa, da bakin rufin da ya ɗan zarce bango. Ranar hunturu, da yake ƙasa-ƙasa take, za ta shiga ta ƙarƙashinsa har cikin ɗaki; ta bazara, da ke bisa kai, za ta tsaya a waje. Da ya zana wannan a takarda sai ya yi dariya shi kaɗai, domin dabarar rumfar mahaifinsa ce, aka juya ta kawai.

Sauran zaɓin na kaya ne. Katako ya fi kyaun gani da riƙe ɗumi, amma yana son fenti a kai a kai a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa. Roba ta fi araha, sai dai ba ta ɗaukar faɗi mai yawa. Ya tsaya kan alminiyom mai shamaki a tsakiya wanda ke hana sanyin waje bin ƙarfe ya shigo, da gilashi ruɓi biyu, da tagogi a gefe biyu masu duban juna domin iska ta ratsa.

Sai takardu, waɗanda can ba a wasa da su. Ƙarin gini da bai wuce metir murabba'i 20 ba, sanarwa ake kai wa ma'aikatar magajin gari a jira wata guda. A unguwannin birni masu tsarin gini akan ɗaga iyakar zuwa 40. Abin da ya zarce haka sai da izinin gini, kuma in gidan gaba ɗaya zai haura 150, dole a ɗauki masanin zanen gine-gine. Doka ta hana buɗe taga mai duban gidan maƙwabci kai tsaye in tazarar ba ta kai metir 1.90 ba. In an gama, a sanar da ma'aikatar haraji cikin kwana 90, harajin gida kuma ya ƙaru. Ya karɓi takardar ƙiyasi daga ƴan kwangila uku. Mafi sauƙin kuɗɗi ya kusa ruɗinsa, sai da ya bi ta layi-layi ya ga babu daɓen siminti a ciki, babu wuta, babu kuma shaidar inshorar shekara 10 da doka ta ɗora wa kowane mai gini. Araha ba ta ado. Ya ɗauki na tsakiya, a kan Euro 17,000.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan kiran da ya rage. Ya yi mako biyu yana ɗaukar waya yana ajewa. Da ya faɗa, ƙanen ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Yaya, ke nan ba za ka komo ba?" Tambayar da ya shekara yana ɓoye wa kansa a bayan lissafin digiri da metir ke nan. Bai yi masa ƙarya ba. Ya ce ƴaƴansa nan aka haife su, nan suke aiki, likitansa nan yake; zai riƙa zuwa, amma gidan da yake kwana a cikinsa yau shi ya fi cancantar gyara bisa wanda yake kwana a cikin mafarkinsa. Filin ba na sayarwa ba ne. Ya aika da Euro 3,000 da suka rage, kusan miliyan 2 na sefa, ya ce a ja ruwa, a dasa bedi huɗu, a kafa rumfa, domin duk wanda zai gina wata rana, shi ko wani daga cikin zuriya, ya tarar da inuwa ta riga shi.

Ƙanen bai ji daɗi ba, kuma bai ɓoye ba. Mahaifiyarsu ce ta karɓi wayar ta ce: "Ɗan nan, ashe rana ka saya da miliyoyi? Da ka yi magana, ai da an aiko maka kyauta." Dariyar da aka yi ta rage nauyin maganar, ko da yake ba ta ɗauke shi duka ba.

An gama ginin da kaka. Yanzu, ranar Lahadin da gajimare ya yi rangwame, wajen ƙarfe ɗaya, haske kan shigo ta ƙarƙashin bakin rufi ya sauka a gwiwoyinsa, ga shayi a gefe, ga hoton bedi huɗu da aka aiko masa, sun kai tsayin yaro.

Masu magana sun ce tun ran gini, ran zane. Mai niyyar ƙara wa gidansa ɗaki, a Lil yake ko a Tawa, ya fara duba ta inda rana ke bi, ya karanta ƙiyasi har ƙarshe, ya kuma tambayi kansa ko wane alkawari ne kuɗɗin ke ɗauke da shi kafin ya miƙa su. Allah shi ba kowa inuwar da yake nema, ko ranar da ya rasa.